Daga Kyandir zuwa Takardar Likita: Nazarin Ma'anar Kalmar Ingilishi *Taper* da Hanyoyin Fassara Ta zuwa Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci kalmar Ingilishi *taper*, wadda ake amfani da ita wajen bayyana abin da ke tsukewa sannu a hankali daga wani ɓangare nasa zuwa wani. An bi diddigin asalinta da sauye-sauyen da ma'anarta ta samu, an fayyace matsayinta a nahawu, sannan aka duba yadda take aiki a fannonin ƙere-ƙere da ɗinki da likitanci da tattalin arziki da wasanni. Daga nan aka auna kalmomin Hausa da mai fassara kan yi saurin ɗauka a madadinta, irin su *tsini* da *tsuke* da *sirance* da *rage* da *yaye*. Nazarin ya gano cewa ma'anar kalmar ta ginu ne a kan turaku uku: raguwa, da bin sannu, da fuskantar wani ƙarshe. Hausa tana rarraba waɗannan turaku tsakanin aikatau da lokacinsa da bayanau, don haka duk fassarar da ta tsaya a kan kalma guda takan zubar da turke na biyu. A fagen magani, zubar da wannan turke yana iya jefa majiyyaci cikin haɗari.

Muhimman Kalmomi: ilimin ma'ana, faɗaɗar ma'ana, fassara, kalmomin fannu, aikatau

1.0 Gabatarwa

Akwai kalmomin da mai fassara kan wuce su da sauri saboda yana ganin ya san su, alhali rabin ma'anarsu kawai ya riƙe. *Taper* tana cikin irin waɗannan. Ɗalibin da ya gamu da ita a littafin koyon ƙere-ƙere zai ce tana nufin tsini. Ɗan jaridar da ya gan ta a rahoton Babban Bankin Amurka zai ce tana nufin ragewa. Ma'aikacin lafiyar da ya karanta ta a takardar sallamar majiyyaci yana iya ce wa mai jinya a daina maganin. Kowannensu ya kama wani gefe na kalmar, ya saki sauran.

Tun daga ƙamusun Bargery na 1934 da na Skinner na 1965, har zuwa na Roxana Ma Newman na 1990, ƙamusoshin harsuna biyu su ne madogarar mai fassara tsakanin Ingilishi da Hausa. Sai dai tsarin kowane ƙamus irin wannan yana tilasta taƙaitawa: a kawo kalma, a ba ta takwara ɗaya ko biyu, a wuce. Manufar wannan maƙala ita ce ta yi abin da filin ƙamus ba ya bari a yi, wato ta warware kalma guda filla-filla, domin a ga abin da ke cikinta da kuma inda Hausa take ajiye kowane ɓangare nasa.

2.0 Asalin Kalmar da Tarihin Ma'anarta

Kalmar ta daɗe a cikin Ingilishi. Tana nan tun zamanin Tsohon Ingilishi, wato kafin shekarar 1100, da siffofin *tapor* da *tapur*, kuma a lokacin ma'anarta ita ce kyandir ko lagwanin fitila. Wasu masana asalin kalmomi suna danganta ta da kalmar Latin *papyrus*, sunan ciyawar nan ta bakin Kogin Nilu wadda Misirawa suka riƙa yin takarda da ita, domin an riƙa amfani da ɓargon ciyawar a matsayin lagwani. Hujjarsu ita ce har yau kalmar lagwani a Sifaniyanci, *pabilo*, da ta Fotugis, *pavio*, daga wannan tushe suka fito. Bisa wannan ra'ayi, baƙin farko na kalmar ne ya sauya daga /p/ zuwa /t/ don guje wa maimaita sauti iri ɗaya a gaɓoɓi biyu da ke jere. Ke nan *taper* da *paper* za su zama 'yan uwan juna, uwarsu ɗaya.

Ma'anar kyandir ta ci gaba da rayuwa ɗaruruwan shekaru. A wasan kwaikwayon Shakespeare mai suna *Julius Caesar*, da wannan kalma Brutus ya nemi yaronsa ya kunna masa haske a ɗakin karatu. Har yanzu ma ana kiran dogon siririn kyandir da wannan suna. A ƙarshen ƙarni na 15 kalmar ta fara aiki a matsayin sifa mai bayyana abin da ke sirancewa zuwa sama. A ƙarshen ƙarni na 16 ta zama aikatau mai nufin miƙewa sama kamar harshen wuta ko ƙololuwar hasumiya, sannan a farkon ƙarni na 17 ta ɗauki ma'anar sirancewa sannu a hankali.

Matakai uku ne ke cikin wannan tafiya. Da farko suna ne na wani abu. Daga nan aka ɗauke sunan daga abin aka ɗora shi a kan siffarsa, domin kyandir da harshen wutarsa duka suna da kauri a ƙasa, suna sirancewa a sama. A mataki na uku aka ɗauke siffar daga sarari aka kai ta cikin lokaci, ta yadda ruwan sama ko ciniki ko magani zai iya yin abin da kyandir yake yi a ido. Wannan mataki na ƙarshe misali ne na abin da Lakoff da Johnson suka bayyana a littafinsu na 1980, cewa ɗan'adam yakan ari kalmomin sarari ya auna lokaci da su. Hausa ma tana yin haka idan ta ce *dogon lokaci* ko *kwanaki sun ja*.

3.0 Matsayin Kalmar a Nahawu

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya kiyaye shi ne, *-er* da ke ƙarshen kalmar ba ɗafa-ƙeya ba ce irin ta *teacher* ko *driver*. Tana cikin saiwar kalmar. Akwai wata kalma daban mai rubutu iri ɗaya da ke nufin mai naɗar sauti ko mai liƙa tef, amma ba su haɗa asali ba. A yau kalmar tana fitowa a matsayi huɗu:

(1) Suna: *The rod has a slight taper.* Sandar tana ɗan sirancewa zuwa ƙarshenta.

(2) Aikatau ƙi-karɓau: *The leaf tapers to a point.* Ganyen yana tafiya yana sirancewa har ya yi tsini.

(3) Aikatau so-karɓau: *The tailor tapered the trousers.* Tela ya tsuke ƙafar wandon daga gwiwa zuwa ƙasa.

(4) Sifa: *tapered legs*, *tapering fingers*. Ƙafafu masu sirancewa ƙasa, yatsu masu sirancewa zuwa kai.

Idan aka haɗa aikatau da *off*, ma'anar takan karkata ga lokaci, kuma takan nuna cewa raguwar za ta kai ga ƙarewa:

(5) *The rains taper off in September.* Ruwa yakan riƙa ja da baya a watan Satumba har ya ɗauke.

Misali na (2) yana da wani abin lura. Ganyen ba ya motsi, ba ya kuma sauyawa a lokacin da ake magana. Idon mai kallo ne ke tafiya daga gindin ganyen zuwa kansa, sai harshe ya jingina tafiyar ga ganyen. Leonard Talmy ya yi dogon bayani a kan irin wannan motsi na zato a aikinsa na shekarar 2000. Hausa ta san wannan salo sarai, shi ya sa ake cewa *hanyar ta bi ta bayan kasuwa* ko *katangar ta tashi daga nan har bakin rafi*, alhali hanya da katanga suna nan inda suke.

4.0 Turakun Ma'anar Kalmar

Idan aka tattara misalan da ke sama, za a ga abubuwa uku da ba sa rabuwa da kalmar.

Turke na farko shi ne raguwa. Wani ma'auni ne ke raguwa: kauri, ko faɗi, ko yawa, ko ƙarfi.

Turke na biyu shi ne bin sannu. Raguwar tana bin tsari, kowane mataki yana kusa da wanda ya gabace shi. Kwalbar da jikinta yake miƙe sannan ta yanke farat ɗaya zuwa wuya ba ta cika wannan sharaɗi ba. Karas ya cika shi, haka ma ƙahon sa da wutsiyar ƙadangare.

Turke na uku shi ne fuskantar wani ƙarshe. Raguwar tana tafiya ne ta fuska ɗaya, daga wani gefe zuwa wani. Kalangu ya tsuke a tsakiya ya sake buɗewa, don haka ba a siffanta shi gaba ɗayansa da wannan kalma, sai dai a ɗauki rabinsa. Wannan turke yana kuma nuna cewa matsayin mai kallo yana da tasiri. Wanda ya bi kakaki ko algaita da ido daga faffaɗan baki zuwa wurin busawa zai ce *taper*. Wanda ya faro daga wurin busawa zai yi amfani da kishiyarta, *flare*, wato buɗewa.

Akwai abu guda da mutane kan zata yana cikin ma'anar alhali ba ya ciki, shi ne tsini. Bokiti yana tsukewa daga baki zuwa gindi, amma gindinsa a shafe yake. Hasumiyar babban masallacin Agadas, wadda aka gina a 1515 aka sake gina ta a 1844, mai tsawon mita 27, tana tsukewa tun daga tushe har sama, kuma ƙololuwarta ba ta yi kan allura ba. Tubalin gargajiya da maginan Hausa ke mulmulawa da hannu yana da faɗi a gindi da ƙanƙanta a kai, ita ma ganuwa kaurinta a ƙasa ya fi na sama. Duk waɗannan sun cika sharuɗɗa ukun ba tare da tsini ba. Wannan ne dalilin da ya sa misali na (2) ya buƙaci ƙarin *to a point*: da tsini yana cikin kalmar, da ƙarin ya zama maimaici.

5.0 Amfani da Kalmar a Fannoni

5.1 Ƙere-ƙere

A wurin injiniyoyi kalmar tana da lissafi. Ana ɗebe kaurin ƙaramin kai daga na babban kai, a raba da tsawo. Sandar ƙarfe mai tsawon milimita 100, wadda kaurin kanta ɗaya milimita 30 ne, ɗayan kuma 25, tana da bambancin milimita 5, wato 1 cikin 20. Kusan wannan ne ma'aunin da Stephen A. Morse ya fito da shi a Amurka a tsakiyar shekarun 1860, wanda har yau ake amfani da shi wajen ƙera ƙotar ƙarfen huda da ramin da take shiga a jikin inji. Saboda gangarar ba ta da yawa, ƙotar takan cije a cikin ramin ta riƙe kanta ba tare da noti ba. Zaren bakin bututun ruwa iri mai tsukewa yana bin ma'aunin 1 cikin 16, shi ya sa yake ƙara matsewa duk lokacin da aka ƙara murɗa shi, har ya hana yoyo. Bakin sirinji da allura ke hawa yana da tsukewar kashi 6 cikin 100. A 1898 kuma Henry Timken ya yi rajistar boris mai 'ya'ya masu tsukewa, irin wanda ake sa wa ƙafar mota. A duk waɗannan, amfanin abin yana cikin daidaiton raguwar ne. Wanda ya fassara kalmar da *tsini* a littafin koyar da makanikai ya kawar da hankalin ɗalibi daga jikin ƙarfen zuwa kansa, inda babu abin koyo.

5.2 Ɗinki da Aski

Tela yana amfani da kalmar ga wandon da ya sake a cinya ya riƙa tsukewa zuwa idon sawu. Hausa tana da tsofaffin sunaye a wannan fage, irin su *tsala* da *buje* da *wando mai kamun ƙafa*, sai dai kowanne sunan wani ɗinki ne sananne, ba sunan siffar ba. *Tsukakken wando* kuwa yana iya nufin wanda ya matse tun daga ƙugu. A wurin masu askin zamani, kalmar tana nufin askin da gashi ke raguwa daga saman kai zuwa ƙeya da gefen kunne ba tare da an ga layin da ya raba dogo da gajere ba. Gwanintar mai askin tana cikin ɓatar da wannan layi, wato turke na biyu.

5.3 Likitanci

A nan ne kuskure ya fi tsada. Akwai magungunan da jiki kan saba da su idan an daɗe ana sha. Misali shi ne firedinisolon da danginsa, waɗanda ake bayarwa don asma da wasu cututtukan ƙoda da na gaɓoɓi. A kan kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira adirenal, wadda ke samar da sinadarin kotisol. Idan mutum ya ɗauki makonni yana shan maganin, jiki yakan ga sinadarin ya wadata daga waje, sai ya rage samar da nasa. In aka yanke maganin rana ɗaya, adirenal ba ta farfaɗo ba tukuna, sai majiyyaci ya faɗa cikin kasala da amai da faɗuwar bugun jini, abin da kan iya kaiwa ga rasa rai. Don haka ne littattafan magunguna na Birtaniya suka daɗe suna ba da shawarar janye shi daki-daki ga wanda ya sha fiye da mako uku. Haka abin yake ga diyazefam, wanda yanke shi farat ɗaya bayan dogon amfani kan iya jawo jijjiga, da kuma tiramadol da kodin. Tun bayan da gwamnatin Nijeriya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayani a kan rabuwa da irin waɗannan ƙwayoyi ya yawaita a kafofin watsa labarai na Hausa, kuma mafi yawan abin da ake faɗa daga Ingilishi ake fassaro shi.

A dubi wannan umarni da fassarori uku:

(6) *Taper the dose by 5 mg every week.*
a. A daina maganin bayan mako guda.
b. A rage maganin da miligiram 5.
c. A riƙa rage miligiram 5 duk mako, har zuwa inda likita ya tsayar. Kada a yanke shi gaba ɗaya.

Fassara ta (a) ta riƙe ƙarshe ta zubar da hanya. Ta (b) ta riƙe raguwa, amma mai jinya zai rage sau ɗaya ya tsaya nan. Ta (c) ce kaɗai ta ɗauko turaku ukun. Abin lura kuma shi ne, a nan raguwar hawa-hawa ce kamar matakala, saɓanin ta jikin ƙarfe wadda take sumul. Ashe idan kalmar ta shiga lokaci, sharaɗin bin sannu yana karɓar matakai, muddin suna kusa da juna kuma suna bin tsari.

5.4 Tattalin Arziki

A shekarar 2013 Babban Bankin Amurka yana sayen takardun lamuni na dala biliyan 85 duk wata domin ya zuba kuɗi a kasuwa. Ranar 22 ga Mayun shekarar, shugaban bankin, Ben Bernanke, ya shaida wa majalisar dokokin ƙasar cewa mai yiwuwa a fara rage yawan sayen. Wannan furuci kaɗai ya girgiza kasuwanni. Ruwan da ke kan lamunin gwamnatin Amurka na shekara goma ya tashi daga kusan kashi 2 cikin 100 a watan Mayu zuwa kusan kashi 3 a watan Satumba, masu zuba jari suka janye kuɗi daga ƙasashe irin su Indiya da Indunusiya da Barazil da Turkiyya da Afirka ta Kudu, darajar kuɗaɗensu ta faɗi. 'Yan jarida suka raɗa wa lamarin suna *taper tantrum*, wato borin da kasuwa ta yi don jin za a rage mata abin da ta saba samu. A watan Disamba bankin ya sanar da rage dala biliyan 10, ya ci gaba da ragewa a kowane zama har ya rufe shirin a watan Oktoban 2014. An maimaita irin wannan daga Nuwamban 2021, lokacin da sayen ya kai dala biliyan 120 a wata, zuwa Maris na 2022.

Mai fassara labarai yana iya jin sha'awar amfani da *tsuke bakin aljihu*, tun da har kalmar *tsuke* tana ciki. Amma wannan furuci a Hausar jarida yana nufin gwamnati ta rage kashe kuɗi. A tsawon watannin da ake magana, bankin bai daina saye ba, bai sayar da abin da ya tara ba, dukiyar da ke hannunsa ma ƙaruwa ta ci gaba da yi. Saurin ƙaruwar ne ya riƙa raguwa. Fassarar da ta dace ita ce *rage sayen takardun lamuni mataki-mataki*.

5.5 Wasanni

Masu gudun fanfalaki na kilomita 42 sukan rage yawan atisaye a mako biyu ko uku na ƙarshe kafin gasa, domin tsoka ta huta ta tara ƙarfi. Wannan ma *taper* ake ce masa. Ba ya kaiwa ga daina atisaye, don haka *sassauta atisaye sannu a hankali* ya fi *dakatarwa* dacewa. Misalin ya ƙara tabbatar da cewa ƙarshen da ake fuskanta ba lalle ne ya zama sifiri ba, kamar yadda na siffa ba lalle ne ya zama tsini ba.

6.0 Auna Kalmomin Hausa

*Tsini* suna ne na kan abu. Yana bayyana inda tafiya ta ƙare, ba ya cewa komai game da yadda aka iso. *Fiƙe* aiki ne na samar da tsini, kamar yadda almajiri ke yi wa alƙalami, don haka ya dace da misali na (3) idan abin da ake sarrafawa itace ne ko kara kuma tsini ake nema. *Tsuke* da *sirance* da *ƙanƙance* sun fi kusa, domin duk suna ɗauke da raguwa. Matsalarsu ta ƙira ce. A tsarin azuzuwan aikatau bakwai da F. W. Parsons ya gabatar a 1960, dukkansu 'yan aji na huɗu ne masu ƙarewa da *-e*, ajin da yake yawan nuna cikar aiki. Idan aka sa su a shuɗaɗɗen lokaci, sakamako suke nunawa:

(7) Hanyar ta tsuke.

Wannan jumla tana iya nufin hanyar ta yi ƙunci a wani wuri, ko kuma gine-gine sun cinye ta bayan shekaru. Ba ta nuna bin sannu. Sai an sauya lokacin aikatau, an kuma ƙara wani abu:

(8) Hanyar tana tafiya tana tsukewa har bakin gada.

A (8), *tsukewa* ta ɗauki turke na farko, lokaci mai ci tare da *tana tafiya* sun ɗauki na biyu, *har bakin gada* ya ɗauki na uku. Abin da Ingilishi ya dunƙule a kalma guda, Hausa ta shimfiɗa shi a kan jumla. Sauran kayan aikin da ke ɗaukar turke na biyu sun haɗa da *riƙa* da *dinga* da *yi ta* da *ƙara*, da kuma ninkakkun bayanau irin su *kaɗan-kaɗan* da *sannu-sannu* da *daki-daki* da *mataki-mataki*.

A fagen lokaci akwai *lafa* da *tsagaita* da *sassauta* da *ja da baya*. *Lafa* da *tsagaita* suna nuna sauƙi ya samu, amma suna barin ƙofar dawowa a buɗe, kamar ruwan da ya tsagaita ya sake kecewa. *Ɗauke* kuwa yankewa ce. *Ja da baya* ya fi su riƙe fuska guda.

*Yaye* tana buƙatar taka-tsantsan na musamman, domin likitocin da ke magana da Ingilishi sukan yi amfani da *wean off* a ma'ana ɗaya da *taper*, sai mai fassara ya ce *a yaye shi daga maganin*. A al'adar Hausawa da yawa, yaye yana da rana ayyananniya: a ɗauki yaro a kai shi gidan kakarsa, daga ranar ya rabu da nono. Bikin yaye ɗalibai ma na yini ɗaya ne. Mai sauraro zai iya fahimtar *yaye* a matsayin yankewa, wato akasin abin da likita yake nufi.

Akwai kuma wata hanya ta bayani da ke kusa da tunanin masu sauraro da yawa. Malamai sukan karantar da cewa haramcin giya ya sauka ne hawa-hawa, daga aya ta 219 ta Suratul Baƙara, zuwa ta 43 ta Suratun Nisa'i, zuwa ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma sukan kira wannan salo *tadriji*. Kalmar ta ɗauki turke na biyu da na uku, sai dai ba ta keɓanta ga raguwa ba, tun da ana iya ƙaruwa ma da tadriji. Tana da amfani wajen wayar da kai, musamman a maganar rabuwa da ƙwaya, idan aka haɗa ta da *ragewa*.

7.0 Aro ko Bayani

Da za a ari kalmar, tsarin sautin Hausa zai mayar da /p/ zuwa /f/, kamar yadda ya faru a *fensir* da *famfo* da *faci*, sai a sami *tefa*. Wannan siffa tana dab da *tef* na awon tela da *tifa* ta ɗaukar yashi, kuma ba ta gaya wa mai jinya komai. Aro yana da amfani idan sabon abu ne ya shigo da sunansa, kamar yadda *kyandir* kansa ya shigo daga Ingilishi. A nan kuwa siffar da ake magana a kai tsohuwa ce a idon Bahaushe, yana ganin ta a tubali da ƙaho da jinkar ɗaki. Saboda haka maƙalar tana ba da shawarar a tsayar da ƙa'idar jumla maimakon ƙirƙirar kalma:

i. A siffar abu: *tsukewa* ko *sirancewa* a lokaci mai ci, tare da ambaton inda aka faro da inda aka nufa. A ƙara *tsini* idan matanin asali ya ambace shi kawai.

ii. A ƙere-ƙere: *ma'aunin tsukewa*, a biyo da lissafinsa, misali 1 cikin 20.

iii. A likitanci: *riƙa ragewa daki-daki*, tare da adadi da tazarar lokaci, da kuma gargaɗi a fili cewa kada a yanke.

iv. A tattalin arziki da wasanni: *ragewa mataki-mataki* ko *sassautawa sannu a hankali*, tare da fayyace abin da ake ragewa.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi kalmar *taper* daga sunan kyandir a Tsohon Ingilishi, zuwa sunan siffa, zuwa sunan raguwa a cikin lokaci. Ta nuna cewa raguwa da bin sannu da fuskantar ƙarshe su ne ginshiƙan ma'anarta, kuma tsini ko ƙarewa ƙari ne da muhalli ke kawowa. Ta kuma nuna cewa Hausa tana da cikakkiyar hanyar faɗar wannan ma'ana, amma a matakin jumla take, inda lokacin aikatau da bayanau ke ɗaukar nauyin da saiwar kalma ta ɗauka a Ingilishi. Darasin da ke nan ga masu tsara ƙamus da masu koyar da fassara shi ne, shigar irin wannan kalma a ƙamus tana buƙatar jumlolin misali daga fannoni daban-daban, musamman na magani. Akwai wasu kalmomin Ingilishi masu irin wannan hali, kamar *flare* da *dwindle* da *titrate* da *phase out*, waɗanda suka cancanci a yi musu irin wannan nazari, tare da gwada fassarorin a kan masu jinya da masu sana'a domin a ga abin da suka fahimta daga kowace.